Takardar Makaniki da Ta Koma Baƙa

Ni dai tun ina ƙarama an san ni da karambani. Innata takan ce idan aka aike ni sayen gishiri, sai na gyara wa mai gishiri zaman buhunsa kafin in dawo gida. Ana dariya, ni ma ina dariya, har na girma na gama lakkol, wato makaranta, na sami aiki, ban taɓa ɗaukar abin a bakin aibi ba. Sai a shekarata ta farko a kabine na gane, kuma abin takaicin ba a kaina ya ƙare ba.

Kabine muke ce wa biro, wato ofishin masu tsaya wa mutane a gaban alƙali, waɗanda muke kira aboka. Namu na ma'aikata ne zalla: wanda aka kora ba bisa ƙa'ida ba, wanda ya ji rauni a bakin aiki, wanda aka hana hutu. Mutumin da ya kafa shi duk muna ce masa Tsoho, ko da yake babu mai ƙarfin halin faɗa a gabansa. A da insifekta ne na aiki, ya yi shekaru a nan arewa yana sasanta ƴan ƙwadago da iyayen gidansu, har ya gaji da ganin kullum mai ƙaramin ƙarfi ake ba haƙuri. Ya ajiye aikin gwamnati, ya koma karatu da furfurarsa, ya fito aboka. An ce ɗaki guda ya fara kamawa a Yamai, bayan shagon wani tela, tabur ɗaya, kujera biyu, ta ukun sai an aro wurin telan. Masu gadi da ƴan dako su ne mutanensa na farko.

Lokacin da na shiga, ɗakin nan ya zama bene, aboka sun cika shi, ga rassa a Damagaram da Tawa da Maraɗi, sai namu na Agadas wanda ya fi kowanne ƙanƙanta. Duk girman nan bai sa Tsoho ya taɓa tsaya wa uban gida ba. Tsofaffin ma'aikatan kabine suna ba da labarin wata babbar sosiyete, wato kamfani, da ta aiko masa da sabuwar mota kyauta. Ya sa direban ya juya da ita, amma sai da ya zaunar da shi ya tambaye shi ko ana ba shi hutun shekara.

Mu biyu ne a reshen Agadas. Akwai aboka ɗinmu, wanda nake kira Metir kamar yadda ake kiransu duka, mutumin Tawa ne, siriri, maganarsa a ƙirge. Sai ni, sakatare. Ni ke karɓar mutane, in saurare su, in juya maganarsu daga Hausa zuwa Faransanci, in buɗe musu dosiye, wato fayil. Ranar farko Metir ya gaya mini dokar gidan game da takardu. Duk takardar da ma'aikaci ya kawo, a yi mata fotokofi kafin a yi komai, ta ainihin ta shiga armuwar, wato kabad ɗin ƙarfe, a kulle, ba ta ƙetare ƙofar biro sai a hannun aboka ranar shari'a. Na ce to. A raina na ce wannan ai ko ɗan yaye ya sani.

Abin da ya fi ba ni tsoro a aikin shi ne Alhamis. Kowace Alhamis da hantsi Tsoho yana kiran rassa ɗaya bayan ɗaya, kuma ba aboka yake nema ba, sakatare yake nema. Yana cewa aboka sun iya shirya magana, sakatare ce ta san inda takarda ta kwana. Ban taɓa ganinsa ba a lokacin, muryarsa kawai na sani, sanyi gare ta, ba ya gaggawa. Idan tarho ya yi ƙara ranar Alhamis, sai na goge tafin hannuna a zanena kafin in ɗauka.

Cikin bazara Metir ya tafi Yamai taron shekara na kabine, zai yi mako guda. Ranar Litinin, ina ni kaɗai ina fifita da bangon dosiye don wuta ta ɗauke tun safe, sai wata mata ta yi sallama ta shigo riƙe da hannun mijinta. Zai kai hamsin, da rawani da baƙin tabarau, fatar kumatunsa ta yi dabbare-dabbare. Na ba su kujera, na ba su ruwa, na ce Baba ina saurare.

Makaniki ne. Shekara shida yana bin motocin wata sosiyete mai haƙa rijiyoyi a daji, yana gyara su duk inda suka mace. A tafiyarsa ta ƙarshe, kan hanyar Jado, yana sunkuye a kan batir sai batir ɗin ya fashe masa a fuska. Idon dama ya tafi nan take. Na hagu yana ganin haske da inuwa, kuma lokotoro, wato likita, ya ce idan an yi masa aiki cikin ƴan watanni ana sa rai, idan aka wuce haka shi ke nan. Aikin a ƙasar waje ake yin sa, kuma asusun ma'aikata ne kaɗai ke iya kai talaka can, shi ma sai an tabbatar cewa ma'aikaci ne kuma a bakin aiki abin ya same shi. Sosiyete ta ce ba ta san shi ba. Wai ɗan bin mota ne da direbobi ke ɗauka don raɗin kansu. Ba a taɓa yi masa kontira, wato takardar ɗaukar aiki, ba, albashi a hannu ake danƙa masa.

Na tambaye shi ko yana da wata takarda, ko wace iri. Ya sa hannu cikin riga ya jawo wata ƴar jakar fata da ke rataye a wuyansa, irin aikin dukawan garinmu. Ya daɗe yana kwance bakin. Abin da ya fito takardar fakis ce. Ga waɗanda ba su riski fakis ba, mashin ne da ake tura takarda ta layin tarho, sai ta fito can a kan wata irin takarda siririya mai santsi, mai son naɗewa. Wannan izinin tafiya aiki ne, daga babban biron sosiyete a Yamai zuwa ga shef ɗinsu na nan, wato shugaban reshe. Ga sunansa, ga aikinsa an rubuta makanikin sosiyete, ga hanyar Jado, ga hatimi, ga sa hannun darakta. Shef ɗin ne ya ba shi don ya riƙa nuna wa jandarmomi a shinge, ya manta bai karɓe ba. Zufa da zafi sun ci ta, rubutun ya koma ruwan ƙasa, ta fara tsagewa a wurin ninki, amma ana karantawa sarai.

Na kira Metir a salula na karanta masa. Mutumin da ba ya ɗaga murya, sai na ji ya ce in sake karantawa. Ya ce, "Madam, wannan takarda ita ce shari'ar duka. Ki kulle ta. Wuta na dawowa ki yi mata fotokofi uku."

Da na gaya wa makaniki za a bar ta a nan, sai ya ɗora hannu a kanta. Ya ce, "Ƴata, ita kaɗai gare ni fa."

Na ce, "Baba, nan ta fi wuyanka tsaro." Da bakina na faɗa, har da murmushi, ina jin kaina wata babba.

Wuta ta dawo da yamma, amma da ƙarfi ta dawo, ta ƙona mana mashin ɗin fotokofi, sai wari. Mai gyara ya ce sai an aiko da kaya daga Yamai. Washegari na buɗe armuwar, ƙarfen ya ɗauki zafi har ba a iya jingina da shi. Na ɗauko takardar na duba, sai na ga kamar ta ƙara dusashewa a kan jiya. Wataƙila idona ne. Amma na zauna ina lissafin kwanakin da suka rage kafin Metir ya dawo, ina cewa kafin nan ai babu abin da zai saura a jikinta.

To mu mutanen Agadas, takarda ba ta cika takarda ba sai an sa mata filastik. Takardar haihuwa, katin shaida, difloma, hoton aure, katin rigakafin yara, duk sai an kai an manne su tsakanin filastik biyu sun yi ƙyalli sun yi ƙarfi. Innata ba ta iya karatu ba, amma ko takardar magani aka ba ta sai ta ce a kai a sa mata. A wurinmu gata ne ake yi wa takarda. Na ce bari in yi wa bawan Allahn nan gata, in yi fotokofi a waje in sa mata filastik in dawo, duka bai fi rabin awa ba, wa zai sani. Na san dokar, ban manta ba. Na dai ga kamar dokar ba ta san zafin Agadas ba.

Akwai wani mai butik kusa da kasuwa da ke wannan aiki, dattijo ne mai tsabta, yana da janareta nasa. Ya karɓi takardar ya juya ta, ya ce, "Madam, wannan ta naɗe, ga ta a tsage. Mu sa mata filastik tukuna ta miƙe, sai fotokofin ya fito sumul." Maganar ta yi mini daidai. Na ce to, a yi hakan.

Ya sa ta tsakanin filastik, ya jira mashin ya yi zafi, ya tura ta. Ina tsaye ina kallon bakin da za ta fito. Da gefenta ya leƙo na ga baƙi, na zaci inuwa ce. Ta ci gaba da fitowa a hankali, baƙin bai ƙare ba. Na ce masa ya tsayar, ya ce ba a tsayarwa. Ta faɗo a kan tabur baƙa ƙirin daga sama har ƙasa, kamar gindin tukunya, tana ƙyalli.

Ya ɗauka ya duba baya, ya duba gaba. Ya ce tun da yake wannan sana'a bai taɓa ganin haka ba. Daga baya na sami bayani, lokacin da bayani ba shi da amfani. Takardar fakis ba tawada ce a jikinta ba, zafi ne ke rubutu a kanta. Inda zafi ya taɓa, wurin ya yi baƙi. Mu kuma mun ɗauke ta mun tura ta cikin zafi gaba ɗayanta.

Ban san yadda na dawo biro ba. Na san dai na kulle ƙofa, na shiga bayi na yi amai, na fito na zauna a ƙasa da takardar a cinyata. Tsoro na ji, irin wanda ban taɓa ji ba. Ba korar da za a yi mini ce ta fara zo mini ba. Idon nan na hagu ne, wanda ke ganin haske da inuwa, da watannin da lokotoro ya ƙirga masa.

Babu abin da ban gwada ba. Na ɗaga ta ga rana ko zan ga alamar rubutu, babu. Na sa reza a gefe na ɓamɓare filastik ɗin kaɗan, baƙin ya biyo shi, na bari. Na naɗe ta a zane na kai firijin maƙwabciyata, na ce magani ne, don wani tunani ya ce mini abin da zafi ya ɓata sanyi zai gyara. Na je wurin wani ɗan baffana da ke koyar da kimiyya a lise, wato sakandare, na ce wata ƙawata ce abu kaza ya same ta. Ya dube ni sosai, ya ce in ce wa ƙawata ta yi haƙuri.

Ranar Laraba matar makaniki ta dawo ita kaɗai. Da na ji sallamarta na zaci takardar ta zo nema. Ashe cuku ta kawo mini da dabino a ƙullin leda. Ta ce tun da abin ya faru mai gidan bai yi barci irin na kwana biyun nan ba, har da minshari. Na karɓa da hannu biyu, na yi godiya, na tambayi yara. Armuwar tana bayana, ina jin ta kamar mutum ne a tsaye. Cukun nan har ya bushe ban iya kai shi baki ba.

Alhamis da hantsi tarho ya yi ƙara. Na bar shi ya yi sau huɗu. Tsoho ya gaishe ni, ya tambayi zafi, ya bi dosiye ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce, "Metir ya ba ni labarin makaniki. Takardarsa tana ina?"

Na ce, "Tana cikin armuwar, ranka ya daɗe."

Ya ce, "A kulle?"

Na ce, "A kulle."

Ya ce madalla. Na ajiye tarho ina gaya wa kaina ban yi ƙarya ba, ai tana cikin armuwar, kuma a kulle. Amma na san abin da na yi, kuma daga ranar tsorona ya zama biyu.

Sauran kwanakin ƙarya na yi ta ginawa ina rushewa. Na ce zan ce ɓarayi sun shigo, sai na tuna ɓarawon da zai bar ordinatar, wato kwamfuta, ya ɗauki takardar fakis ba a haife shi ba. Na ce zan ƙona ta in ce gara ta cinye. Gara a cikin armuwar ta ƙarfe, ku ji hankali. Ranar Asabar har ashana na ɗauko na riƙe. Abin da ya hana ni ba kirki ba ne, tsoro ne shi ma, na ga idan na ƙona ta ba ni da abin da zan nuna in ce ga abin da ya faru. A gida mijina ya ga ba na cin abinci, ya zaci ciki ne, ya fara fara'a. Na ƙyale shi da fara'arsa, ban iya gaya masa ba.

Litinin Metir ya dawo. Ko jakarsa bai ajiye ba ya ce in kawo masa takardar. Na buɗe armuwar, mabuɗin ya faɗi sau biyu. Na miƙa masa, na gaya masa komai a tsaye, daga mashin da ya ƙone har firijin maƙwabciya. Bai katse ni ba. Ya juya ta, ya ɗaga ta ga taga kamar yadda na yi. Ya ce, "An yi fotokofi kafin nan?"

Na ce, "A'a."

Ya zauna, ya cire tabarau ya ajiye a kan tabur, ya rufe ido da tafin hannu. Da ma ya yi mini tsawa. Can ya jawo tarho ya kira Yamai, ya buɗe murya yadda zan ji. Ya yi wa Tsoho bayani a taƙaice.

Tsoho ya ce, "Ita ta gaya maka, ko kai ka gano?"

Metir ya ce, "Ita ta gaya mini."

"Ranar Alhamis na tambaye ta."

Ina tsaye ina jiran a ce in ajiye mabuɗi in tafi, kuma wallahi da an faɗa da na ji sauƙi. Sai Tsoho ya ce, "Ƴata, kina ji na? A gidan nan, wanda ya yi wa ma'aikaci ɓarna shi ke zuwa ya gaya masa da bakinsa. Ba a aika aboka, ba a rubuta wasiƙa. Ni ma na taɓa zuwa, na san hanyar ba daɗi. Yau za ki je."

Bayan la'asar Metir ya ɗauke ni a moto, wato babur, ya kai ni bakin lungu a tsohon gari, ya ce a nan zai jira. Lungunan nan a cikinsu na girma, amma ranar sai da na tambayi hanya sau biyu, don ina wuce ƙofar ina yi kamar ban gan ta ba. A karo na uku wata tsohuwa ta kama hannuna ta kai ni har cikin zaure.

Na same shi a kan tabarma a inuwar bango, da faranti a gabansa, ya wargaza karbiratar moton wani maƙwabci yana haɗawa da lalube. Da ya ji muryata ya yi fara'a, ya ce a kawo wa ƴarsa ruwa. Matarsa ta shimfiɗa mini tabarma, ta zauna gefe. Ya goge hannu ya ce, "Metir ya dawo? An sa ranar shiga gaban alƙali?"

Duk maganar da na shirya a hanya ta gudu. Sai kawai na ciro takardar daga jaka na sa masa a hannu.

Ya shafa ta sama da ƙasa, ya ɗan lanƙwasa ta ya ji ƙarfinta. Ya ce, "Allah ya yi miki albarka, kin sa mata filastik. Na daɗe ina cewa a kai a sa mata, ba a samu zuwa ba. Yanzu kam ba ta tsagewa."

Matarsa tana kallon abin da ke hannunsa. Ita tana gani. Ta dubi takardar, ta dube ni, ta bar ni da shi.

Na ce, "Baba, na ɓata ta." Na gaya masa an hana ni fita da ita na fita, na gaya masa abin da zafi ya yi mata, na gaya masa babu fotokofi. Ban sa mai butik a ciki ba, ban sa wuta ba, don a gabansa duk sun zama ba komai.

Ya cire tabarau, ya kawo ta dab da idon hagu, ya juya wajen haske. Ya ce, "Baƙi nake gani. Amma ni yanzu kusan komai baƙi nake gani." Ya juya ga matarsa, ta ce masa baƙa ce. Ya ce, "Ko layi ɗaya?"

Na ce, "Babu, Baba."

"Hatimin fa?"

"Babu."

Matar ta ce, a hankali, "Ya gaya miki ita kaɗai gare shi." Na sunkuyar da kai ina kuka, ina jin kunyar kukan, don a gidan nan ba ni ce ya kamata in yi ba.

Ya daɗe yana shafa gefen da na ɓamɓare da reza. Can ya ce, "Kina da bik?" Na ce ina da shi, na ciro alƙalamin. Ya ce, "To rubuta."

Sai ya fara karantowa da ka, cikin Faransanci. Mutumin da bai san komai a Faransanci ba sai sunayen kayan mota. Matarsa ta ce tun da aka sallamo shi daga gidan likita, duk wanda ya zo dubiya idan ya yi lakkol sai ya sa shi ya karanta masa ita, wani sau biyu. Ya fara daga ƙananan lambobin da fakis ke bugawa a can sama, rana da awa. Ya kawo sunan sosiyete, ya kawo sunan shef, ya kawo nasa, ya tsaya ya ce an rubuta shi da kuskuren harafi ɗaya, in rubuta da kuskuren. Yana jan kalmomin kamar mai tilawa, yana yanka su inda ba a yankawa, amma ko ɗaya bai tsallake ba, na sani don na karanta ta sau uku waccan Litinin da ya kawo ta. Ya ce hatimi yana ƙasa ta hagu, sa hannu ya hau kansa kaɗan. Na zana da'ira a wurin.

Ya ce, "Kin rubuta duka? To ki kai wa alƙali. Ki ce masa ke ma kin gan ta da idonki."

Na kai. Metir ya sa ta cikin dosiye don na roƙe shi, ya kuma yi duk abin da aboka zai iya yi. Ya nemi a sa sosiyete ta fito da ta ainihin, suka ce sun duba ba su da irinta. Direbobi biyu sun yi alkawarin ba da shaida. Ranar shiga ɗaya yana kan hanyar Jado, ɗayan salularsa a rufe, kuma ban ga laifinsu ba, suna da ƴaƴa. Ni na tsaya na faɗi abin da na gani, aboka ɗin sosiyete ya tambaye ni a ina nake aiki, na faɗa, ya ce ba shi da sauran tambaya. Alƙali ya karanta rubutuna har ƙarshe, ya tambayi wa ya sa hannu a kai, babu wanda ya sa. Ya kori ƙarar. Kabine ya ɗaukaka ƙara, Tsoho da kansa ya yi ta bin mutane a Yamai yana neman wata hanyar da za a fitar da makaniki waje a yi masa aikin, amma irin wannan abu ba ya sauri.

Ba a kore ni ba, har yau ina kabine, ni ke gaya wa sababbin sakatarori dokar takarda. A watannin nan abin da na iya yi kaɗan ne. Akwai maganin ɗigawa da lokotoro ya rubuta masa don idon ya jira, duk lokacin da na ƙiyasta kwalbar ta kusa ƙarewa sai in sayo in aika, don ban sake samun ƙarfin shiga lungun ba. Ba su taɓa mayar mini ba.

Bayan damina, wata safiya ina buɗe biro, na ga matarsa zaune a dakalin ƙofa tana jirana. Muka gaisa, na tambayi Baba. Ta kwance bakin mayafinta ta ciro kwalbar da na aika shekaranjiya, ba a ko buɗe ta ba, ta sa mini a hannu. Ta ce, "Ya ce in gaishe ki. Ya ce ki daina wahalar da kanki da sayen maganin nan, idon ya rufe."